Wa Ke Yi Mashi Noma?

Hawayen na fara gani. A kasuwar Mayahi ne, ina da shekara goma sha uku, an aike ni sayen daddawa. Wani ɗan koli ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera madubai da allurai da maganin ɓera, a gefe kuma ga wani ɗan littafi da rana ta cinye launin bangonsa. An zana wata budurwa a kai, ɗigon hawayenta ya kusa kai goriba, a bayanta wani saurayi ya jingina da mota yana kallon sama. Na tsuguna na buɗe. Ban tashi ba sai da ɗan kolin ya ce ko in saya ko in ba shi wuri. Ran nan miyar gidanmu ba daddawa, na sha faɗa, amma littafin ya shigo gida a cikin zanena.

Daga nan na kamu. Littattafan daga Kano suke tasowa, su biyo ta Maradi, su iso mana wani lokaci shafin ƙarshe a yage. A cikinsu na yi karatun soyayya har na haddace dokokinta. Masoya a gidan bene suke zama. In an ɓata wa budurwa rai sai ta sulale ta suma, a kwashe ta zuwa asibiti, likita ya cire tabarau ya girgiza kai. Saurayi kuwa ba shi da aiki sai tuƙi da tunani. Ni 'yar tela ce, a cikin gari na tashi, ban taɓa riƙe hauya ba, don haka ban ga aibin wannan tsari ba.

Da na bar lakwal, wato makarantar boko, sai na fara rubuta nawa, a kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da alƙalamin bik shuɗi. Masu saurarona huɗu ne, duk ƙawayena. Kowace Juma'a bayan la'asar mukan taru a ɗakin mahaifiyata, su ƙunsa lalle, ni in karanta. Sun san inda ake kuka kamar yadda mamu suka san inda ake cewa amin. Shekara biyar muna haka, ba wadda ta taɓa ce mini uffan sai “wayyo Allah”.

Wata rana Mushe, tsohon malaminmu na lakwal, ya zo shagon mahaifina ɗinkin riga. A lokacin ya bar koyarwa, yana riƙe da wani ƙaramin gidan rediyo a Tasawa. Ya tarar da ni a bakin shago ina rubutu, ya karɓi kayen, ya karanta shafi biyu a tsaye, mahaifina na auna masa kafaɗa.

“Wa ke jin wannan?”

“Ƙawayena, Mushe.”

“Su nawa?”

“Huɗu.”

“Kifin rijiya,” ya ce. “Bon. Ranar Alhamis bayan la'asar muna da rabin awa, cigiyar dabbobi muke yi a ciki. Na ba ki Alhamis huɗu. Ki karanta, in kin gama mu buɗe waya mutane su kira. In sun so ki, lokacin ya zama naki. In ba su so ba, awaki su koma wurinsu. Sharaɗi guda: ki sauko da labarin ƙasarmu. Ban son jirgin sama.”

Mahaifina ya yarda don ƙanwarsa, Gwaggo, a Tasawa take aure, tana tuyar ƙosai a ƙofar gida. Saukowa da labarin kuwa yini guda ya ɗauke ni. Inda na rubuta Kano na soke na sa wani ƙauye kusa da Kanan Bakashe. Mota ta koma babur. Lambun shaƙatawa ya koma gindin gawo. Ruwan sama ne kawai ban taɓa ba, domin a duk karatuna ban ga rabuwar da aka yi da rani ba.

Gidan rediyon ɗaki biyu ne. An manne bangon da kwalayen ƙwai, an sa wa mikro safa. Damina ta kankama, kowa na noman farko. Na zauna, Mushe ya ɗaga mini yatsa, na fara. Na yi ta karatu har na kai inda na fi alfahari da shi: “Kwana arba'in yana zaune a inuwar gawo, ganyen yana kare shi daga ruwan sama, amma ba mai kare shi daga ruwan idonsa.” Ni kaina sai da na share ƙwalla. Mushe ya buɗe waya.

Wani dattijo ne ya fara kira daga wajen garin Sarkin Hausa. Ya gaida Mushe, ya gaida ma'aikata, ya gaida ruwa, sannan ya ce, “Tambaya gare ni ga yarinyar ga. Gawon nan nata, na wace ƙasa ne?”

“Na ƙasarmu ne, Baba,” na ce.

“A'a, ɗiyata. Gawon ƙasarmu da ruwa ya sauka yake zubda ganye, shi tsaya tsirara har kaka. In dai da damina yaron ga ya zauna nan, to ruwa ya dake shi, rana ta dake shi. A gaishe shi da jiki.”

Akwai gawo a bayan gidanmu tun kafin a haife ni. Ban taɓa ɗaga kai na dube shi ba.

Ta biyu mace ce, muryarta irin ta mai kiran mutum daga wata gona zuwa wata.

“Ɗiyata, ni ba ruwana da icce. Wa ke yi mashi noma?”

“Inna, ai soyayya ce ta...”

“Na ji. Kwana arba'in! Ita ciyawar jiranshi take shi gama? An yi noman farko ba shi, an yi maimai ba shi. Ki hwaɗa ma yarinyar nan, in tana da uwa, kada ta kuskura. Rumbun wannan ko ɓera ba ya kwana ciki.”

Na waiga neman taimako. Mushe ya kashe mikronsa, ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Duk waɗanda suka kira bayan nan ba wanda ya tambayi zuciyar saurayina. Wani ma cewa ya yi tunda gonar zaune take, a tambayar masa ko za a ba shi aro.

Alhamis ta biyu na zo da shirina. Na ba saurayin uba mai hali, ya ɗauko 'yan barema suna nome masa gona shi yana kukansa. Don in huce, na sa budurwar ta samu mugun labari a bakin rijiya ta suma. Ana buɗe waya Inna ta shigo.

“Ta suma tana ja? To guga hwa? Ta sake shi ciki? Na wa ne?”

Ban sani ba. A littattafan da na karanta ba a taɓa tambayar mai guga ba.

“Ke ɗiyar wa ce wai? Kin taɓa ganin gona kuwa? Zo ki wuni wurina. In kin sauka Kanan Bakashe ki ce a kai ki gidan mai wayar salula ɗaure da roba, kowa ya sani.”

Da muka fito Mushe bai yi dariya ba. Ya ce, “Suna dariya, amma ke suke wa, ba labarin ba. Ga wani can tun Litinin jakinsa ya ɓace, kullum sai ya zo ya zauna mini a ƙofa. Saura Alhamis biyu.”

Washegari na haɗa kayana. Mayahi nake so, inda mutum huɗu suka san inda ake kuka. Gwaggo tana bakin kasko, ba ta ko ɗago ba.

“Ina zuwa?”

“Gida, Gwaggo.”

“To. Hanya ɗaya ce da ta gidan matar nan, inda kika sauka ke kika sani. Amma in gida za ki tahi, bar mani kayen nan, takardar ƙunshe ƙosai ta ƙare.”

A Kanan Bakashe na sauka. Ɗan kabu-kabu ya ratsa da ni cikin rairayi, ni da leshi da takalmi mai tsini. Na zaci zan ga ƙatuwar mace. Ashe Inna 'yar ƙarama ce, ko kafaɗata ba ta kai ba, muryar ce ta kwashe duk girman. Ta dubi takalmina ta daɗe, sannan ta ce in shigo in sha ruwa.

Da sassafe ta miƙo mini hauya mai dogon ƙota muka nufi gona. Kafin rana ta ɗaga tafin hannuna ya yi ƙululu, na kuma sare gindin hatsi uku ina zaton ciyawa ce. Ta karɓe hauyar.

“Zauna. Kin hi ciyawar ɓarna.”

Ina zaune ina hura hannu sai na lura da wata 'yar gona a gefenmu, an nome ta tas, ƙasar ma ba ta bushe ba, ba kuma kowa a ciki. Na tambaya. Inna ta ce gamana ce, 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta, ta wata maƙwabciyarta ce mai budurwar ɗiya. Saurayin da ke son ɗiyar ne ya yi sammako ya nome kafin ya wuce gandun ubansa, bai ce wa kowa komai ba.

“To ta yaya za ta san shi ne?”

“Kowa da hannunshi. Wannan na ɗan maƙeri ne, duba yadda yake barin gefe a karkace.”

“Ita kuma da me za ta amsa?”

“Da rana in an kai hura gona, ki duba ƙwaryar wa ta hi nono.”

Shekara biyar ina haɗa masoya a filin jirgin da ban taɓa gani ba.

Ta dafa hauya ta ce, “Mai gidana, Allah shi jiƙan shi, shi ma ya yi. Safiya ukku a jere. Sai dai gambar da ke kan iyaka ta ruɗe shi, ya nome gamanar maƙwabciyarmu, ita ma ga ta da ɗiya budurwa. Rana ta ukku sai ga hura an kai mashi, nono har ludayi na tsayawa. Tamu gonar kuwa ciyawa har gwiwa. Na daina gaishe shi, bai san laihin da ya yi ba, yana ta bina da ido kamar maraƙi.”

“Daga baya fa?”

“Da ya gane, kunya ta hana shi hwaɗin gaskiya. Ya yi ma waccan maimai, ya nome ta innata tun daga farko, ga gandun ubanshi. Gona ukku damina guda, saboda ni. Kahin kaka ya rame kamar kara.”

Ta yi dariya har da tari. Sai ta juya baya, ta goge ido da bakin zane, ta ci gaba da noma. Na jira ta kai ƙarshen kunya ta dawo, sannan na roƙe ta labarin.

“Ɗauki. Amma ki sauya gari. Waccan ɗiyar tana nan da ranta, kuma rediyonta ya hi nawa ƙara.”

Da hannu mai ƙululu na rubuta babi na uku a gidan Gwaggo. Na tayar da saurayina daga gindin gawo, jiƙe sharkaf, da mura. Na kori 'yan barema, na ba shi hauya, na kai shi gonar da ba ita ba. Ranar Alhamis, da na kai wurin furar, Mushe ya manta bai kashe mikronsa ba, duk ƙasar ta ji dariyarsa. Waya ta ƙi hutawa. Wasu suka ce ya auri mai nonon tunda ita ta nuna hali, wasu suka ce amana amana ce. Wani ya ce wallahi haka ta taɓa faruwa ga yayansa, sai muka ji muryar mace a bayansa tana cewa, “Ƙarya yake, shi ne!” Dattijon Sarkin Hausa ya kira don kawai ya yi hamdala yaron ya tashi daga cikin ruwa.

A Alhamis ta huɗu na kasa daurewa, na saka suma guda ɗaya, 'yar ƙarama, a gefen gona. Ana buɗe waya sai ga muryar Inna.

“Wannan na yarda,” ta ce. “Tun sahe ba ta sa komi a ciki ba.”

Mushe ya mayar da cigiya zuwa safiya, rabin awar ta zama tawa.

Ƙawayena ne ba su yafe mini ba. Da na je Mayahi suka ce na lalata musu saurayi, wa zai so namiji mai kanta a hannu? Ɗayarsu ta roƙi tsofaffin kayena, na ba ta duka. Ban yi musu gardama ba, don ni ma har yau nakan yi kewar likita mai tabarau.

Inna kuwa, kafin damina ta zagayo mutane suka fara kira suna cewa ba ta shigo ba tukuna? Mushe ya ware mata minti biyar ta waya bayan karatuna. Bayan 'yan shekaru ɗanta ya dawo da ita Tasawa saboda ciwon gwiwa, sai ta fara zuwa da kanta, a ɗora mata matashi biyu a kujera don ta kai ga mikro. Yanzu shirinta gare ta. Ana tambayarta irin shuka, da akuya mai kumburin ciki, da saurayin da ya cika daɗin baki. Ko harafi ɗaya ba ta karantawa. Bara Mushe ya ƙara mata minti goma, daga cikin nawa ya yanko. Duk Alhamis in na iso nakan tarar da ita a benci ta riga ni, salular nan mai roba a cinya.

“Ɗiyata, shiga ki yi sauri,” takan ce. “Mutane na jirana.”