Ƙafar Baba da Kujerar Makka

Ƙanƙara, Litinin

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, ni da mahaifina muka hau akori-kura. Shekarar kuɗin mai ce, kowa ya sayi rediyo, Baba kuwa kujerar Makka ya biya, saura mako uku jirgi ya tashi. Damuwarsa ɗaya, jijiyoyin ƙafarsa ta hagu sun kumbura sun murɗe kamar igiyar guga. Ba su taɓa hana shi noma ba, amma abokan hira, waɗanda duk likitoci ne a gindin itacen bedi, sun tabbatar masa ba za su kai shi ɗawafi ba. Ni da na yi boko na ce a je a gyara.

Faskari, ƙarfe tara

Mil talatin ba kaɗan, awa uku da rabi, har da tsayawar 'yan sanda sau biyu don su gaisa da aljihun direba. Muka ci waina, muka nemi wanzamin da aka yi mana kwatance. Kallo ɗaya gwanin ya yi ya ce mataccen jini ne. Maimakon ya kafa ƙaho a gefe, sai ya tsaga kan jijiyar kanta.

Jini ya yi tsartuwa har kan rigata. 'Yan kallo suka yi ta barka, wai ciwo na fita. Baba na zaune a kan turmi, ƙafa a ƙasa, har idonsa ya fara juyewa. Wata tsohuwar Bamagujiya mai tallan daddawa ce ta ture mu, ta kwantar da shi, ta ɗaga ƙafar sama, ta danne wurin da ɗankwalinta. Sannan jinin ya tsaya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A zauren wanzamin muka kwana, don karamcinsa ya fi askarsa.

Sabuwa, Talata

Motar itace ta sauke mu a ƙofar asibiti da azahar, bayan ta gwada mana kowane rami na hanyar. Malamin asibiti ya wanke ciwon, ya ce irin wannan jijiya bandeji ake naɗa mata, a riƙa tafiya, a ɗora ƙafa kan matashi in an kwanta. In ta matsa, a babban asibiti ake zare ta. Ba a tsaga ta.

Baba ya tambaye shi zancen jirgi.

"Baba, da ƙafar da ka baro gida da ita, da ka yi ɗawafinka lafiya. Wannan ramin kuwa sai ya yi wata biyu."

Baba bai dube ni ba. Na so a ce ya zage ni.

Gida, Laraba

Mun iso da la'asar. Mun gode wa Allah, mun gode wa tsohuwar da ko sunanta ba mu tambaya ba. Wanzami ma a gaishe shi. Maƙwabta suka cika zaure, wani ya ce yaushe ne tashi.

Baba ya gyara ƙafarsa a kan matashi ya ce, "Ai an dawo. Hajjin bana a Faskari munka yi shi."