Ɗanliti Mai Faci, Wakilin Da Ya Ƙi Sauya Layi

Kullum da sassafe, kafin masu jakuna su fita da taki, Ɗanliti ya riga ya shimfiɗa buhunsa a gindin darbejiyar bakin kasuwarmu, arewa da Ɗanbatta. Kwanon ruwa, famfo, da tsohon tub ɗin taya da yake yankar faci a jikinsa, su ne jarinsa. Haka muka taso muka gan shi. Bana ya ajiye sana'ar saboda ido ya ƙi, kuma ba wanda ya ce masa ko sannu. Abin ya tsaya mini a rai.

Masu ƙananan shekaru ba su san ya taɓa zama wakilin mazaɓarmu ba. A shekarun nan ne na wahala, da kananzir ya gagari mutane, aka koma tuwo sau ɗaya a wuni. Jam'iyya za ta fid da ɗan takarar shugaban ƙasa, sai wani tsohon malamin makaranta, marar ubangida, ya fito ya ce zai kara da ɗan lelen manya. A lokacin layi ake yi a bayan hoton wanda kake so, da rana tsaka, kowa na ganin kowa. Layin malamin nan sai da ya zagaye makarantar firamare, har matan da ba sa leƙa ƙofar gida sun fito da goyo. Aka ce Ɗanliti ne zai kai muryarmu babban taro, don ba a taɓa kama shi da magana biyu ba.

Ga inda matsalar take. Ƙasarmu a matse take, gona na jikin gona, kuma Ɗanliti bai gaji ko kunya ɗaya ba. Wadda yake ci da iyalinsa aro ce daga Alhaji Nababa, shugaban jam'iyya na yankinmu. Fako ce ya karɓa, shi da jakinsa suka yi ta jigilar taki rani bayan rani har ta yi baƙi.

Sabo direba, wanda ya kai wakilai, shi ya ba ni labarin abin da ya faru a filin taro. Kowane ɗan takara da akwatinsa da hotonsa, kuma tun farko ana raɗe-raɗin malamin zai iya ba da mamaki. Ana dab da fara zaɓe Alhaji ya tara mutanensa.

"An yi maslaha," in ji shi. "Manya sun zauna. Malamin nan naku ba inda za shi."

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗanliti, "waɗanda suka aiko ni ba su zauna da manya ba. A rana suka tsaya."

"To, ka dai tuna gonar wa kake nomawa."

Kai ne, Ɗanliti, ka ji wannan da kunnenka, ka gyara hula, ka ratsa filin nan kai kaɗai daga cikin 'yan motarku zuwa akwatin malamin. Ba ka yi wa kowa jawabi ba, ka jefa ƙuri'arka ka dawo. A hanyar gida ba wanda ya yarda ya zauna kusa da kai.

Malamin ya faɗi. Alhaji kuwa bai yi gaggawa ba. Sai da ya bari Ɗanliti ya gama watsa takin shekarar, hadari ya fara haɗowa, sannan ya aiko cewa yana bukatar gonarsa. Furera, matar Ɗanliti, ta ce mini da kaka tana kallo daga bakin danga ana ɗaure dammunan geron da ba a taɓa samun irinsa a gonar ba, ita kuwa a kasuwa take awo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen layi. Waɗanda suka aike shi su ne suka koma cewa taurin kai ya ja masa. Malamin ma bai daɗe ba ya rungumi wanda ya kayar da shi, aka ba shi muƙami. Ko sunan Ɗanliti bai sani ba.

Yanzu rediyo ta sake ɗaukar zafi, wai 'yan takara daga ƙasa sun taso, wai wannan karon taron ba zai zama na ɗauki-ɗora ba. Allah Ya sa. Na tambayi Ɗanliti ra'ayinsa, ya ce, "Malam, 'yan takara ba sa ƙarewa. Ka tambaya ko an sami masu kai saƙo."

Mun gode, ɗan aike mai amana, ko da godiyar ta zo bayan ido ya tafi. Ku wakilan bana, ku yi koyi da shi. Ku kuma masu aikawa, in kun tura mutum ya tsaya muku, ku tsaya masa in ya dawo. Har yau in Ɗanliti zai je masallacin Juma'a, doguwar hanya yake sa a bi da shi, don kada ya ji ƙanshin ƙasar gonar nan.