Tafin da Ba Ya Shiga Silifa

Shekara talatin Baduku ya yi a gindin katangar asibiti yana ɗinkin takalma, kai a sunkuye, har yakan gane mutum da dunduniyarsa tun bai ga fuskarsa ba. Da aka buɗe ɗakin koyon haɗa ƙafar roba a bayan asibitin, sai ya naɗe buhunsa ya je ya ce a rubuta shi. Masu gadi suka yi ta tsiya, wai gemu zai koma aji ɗaya. Malamar horon ta dubi hannuwansa, ta ɗauke shi na wata shida.

Littafin aikin sai an karanta masa, amma wajen awon dungulmin ƙafa da filasta babu mai kamo shi. Shafa ɗaya zai yi ya ce nan ƙashi ne, a bar masa wuri.

Ƙafar jarrabawarsa ta yayarsa ce, wadda ciwon suga ya raba da ta hagu. Ya auna, ya zuba, ya goge, malama ta ce madalla. Bayan mako biyu ya je gaishe ta, ya tarar da ƙafar rataye a ƙusa, ita kuwa tana jan gindi zuwa madafa. Ya tambaya ko cizonta take yi. Ta ce ko kusa. Yatsun tafin ne a manne, ba sa shiga silifa sai sau-ciki.

"Ni da takalmin 'yan ƙwallo a tsakiyar kasuwa? Auta, bar ni da mutuncina."

Ya saɓo ƙafar ya dawo, ya roƙi malama ta bari ya tsaga tsakanin babban yatsa da na kusa da shi. Ta ce haka tafin yake zuwa daga masana'anta, in an tsaga ruwa zai shiga ya ruɓar da shi, kuma duk wanda ya ɗora masa wuƙa ya manta da takardar shaida. Saura kwana tara a raba takardun.

Baduku ya koma wurin aikinsa. Ya ɗaure tafin a teburinsa, ya zaro wuƙar fata ya wasa ta a gaban kowa. Abokan koyonsa suka ce ya rufa wa kansa asiri, baba. Ya tsaga. Ya liƙe tsagar da robar taya, ya bi ta da basilla, ɗinki a kan ɗinki.

"Malama, ga bokiti can. Ki jiƙa ƙafar kwana uku. In ta sha ruwa, da ƙafata zan fita."

Ta jiƙa ta kwana biyar. Ta tsamo, ta matsa, ta kwance ƙusar idon sawu ta leƙa. A bushe. Duk da haka ranar rabon takardu ba a kira shi ba. Ta ce aikin ya yi, amma mai kunnen ƙashi sai ya ƙara wata shida. Ya ce ko shekara ce yana nan, kuma duk tafin da ya zo teburinsa sai ya tsaga shi.

Da la'asar ya kai wa yayarsa ƙafar. Ta zura silifa, ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ta taka har bakin ƙofa. Daga nan ta ture hannunsa, ta ce ya matsa, yana tare mata hanya.