Taɓaryar da ta kusa cinye mini hannu

Assalamu alaikum. Masu cewa Alhaji Ɗanlami ya gudu da waken mutane, ku kwantar da hankalinku. Ina nan. Kwanciya na yi, kuma wannan rubutun da hannun dama nake yin sa.

Daga Fammar na ɗauko waken suya zan kai kasuwar Rano, sai robar da injin motata ke zaune a kai ta tsinke. Na kira Sabo bakanike. Ya zo a babur da sabuwar roba, amma ya manta jak ɗin da zai ɗaga injin da shi.

Ya ce, "Alhaji, abu mai sauƙi ne." Ya aro taɓarya a wani gida, ya gitta ta a saman bakin mota, ya ɗaure injin da igiyar shanu ya rataye a jikinta. Har yaba masa na yi.

Noti ya faɗa ƙasan inji. Ni mai gaggawar kasuwa, na zura hannu.

Jama'a, taɓarya ba ta da gindin zama. Mirginawa ta yi.

Injin ya sauko mini a wuyan hannun dama. Da ita wannan taɓaryar aka ɗaga shi, Sabo yana salati yana kuka kamar shi aka danne.

Aka kai ni wajen mai ɗori, ya ɗaure tamau. Da farko raɗaɗi. Daga baya raɗaɗin ya ɗauke, na ce sauƙi ya samu. Rabi, matata, ta dubi yatsun ta ce, "Alhaji, wane irin sauƙi ne yake baƙi haka?"

Sai asibiti a Kano.

Hoto, gwajin jini, ƙarin ruwa. Likita ya tsira mini allura a ɗan yatsa, ban ji komai ba. Ya ce, "Za mu buɗe. In jini bai dawo ba, sai dai mu cire."

Ni da ban taɓa barin ciniki ban taya ba, na ce, "Likita, ba ragi?" Bai yi dariya ba. Nan na san abin ya kai.

Aka yi aiki, aka sa ƙarfe. Wankin ciwo kuwa, ko maƙiyina ban yi masa fatansa ba. Waken da na ɗauko duk a magani ya tafi. Kullum da safe likita ya zo da allurarsa, kullum shiru.

Wata safiya ya tsira, na daka tsalle na ce, "Kai, malam!" Rabi ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin majinyata.

Alhamdulillahi. Likitoci da nas-nas, Allah Ya biya ku. Rabi, ke kam sai addu'a. 'Yan kasuwa da suka yi ta zuwa dubiya, na gode.

Shawarata: kada ku rataye inji a jikin abin da ke mirginawa. A sa jak a ƙasa, a ƙara da kututture mai faɗi, sannan hannu ya shiga. In an yi ɗori yatsu suka yi sanyi ko suka sauya launi, a kwance a nufi asibiti.

Jiya Sabo ya zo, yana ta sunkuyar da kai. Na miƙa masa hannun muka gaisa, na matse har ya ce, "Wayyo Alhaji, za ka karya ni!"

Na ce, "Jak fa?"

Ya nuna bayan babur ɗinsa. Yana ɗaure, sabo fil.