Ranar da Hedimasta Ya Tara Iyaye

Makarantar da na sa 'yata a Gwallaga ba ta gwamnati ba ce zalla. Mutanen unguwa ne suka gina ta, kwamitinsu ke tafiyar da ita, gwamnati kuma tana turo wasu malamai da littattafai. Wata shekara sai aka ce duk makarantar da ke karɓar wannan tallafi dole ta tara iyaye, ta bayyana musu halin da karatun yara yake ciki, ba ɓoye-ɓoye.

Ranar taron na rufe shagon ɗinkina na tafi. An shimfiɗa mana tabarmi a gindin darbejiya, maza gefe, mata gefe. Hedimastan dattijo ne mai sanyin magana, shi ya koyar da ƙannena. Ya miƙe, ya cire tabarau, ya sake mayarwa.

"Jama'a, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa," in ji shi. "Mun gwada 'yan aji huɗu ɗaya bayan ɗaya. Akasarinsu ba sa iya karanta layi guda. Hadda suke yi, mu kuma muna ba su maki."

Wuri ya kaure da surutu. Wani ɗan acaɓa ya tashi ya ce, "Malam, ke nan duk sakamakon da suke kawo mana gida ƙarya ne?"

"Ba zan ce maka a'a ba, ɗana. Aji ya cika maƙil, malama guda. Mun gani, muka yi shiru. Ni za ku fara kamawa da laifi."

'Yata ajin take. Da na koma gida na miƙa mata kwalin ganyen shayi, na ce ta karanta mini. Ta dube shi, ta dube ni, sai hawaye. Na jawo ta jikina kawai.

Wasu sun cire 'ya'yansu, ban kuma ga laifinsu ba. Ni na bar tawa, don hedimastan ya fara zama da 'yan ajin da kansa bayan la'asar, yana koya musu tun daga baƙaƙe. Kafin damina ta wuce, in mun hau keke zuwa Inkil gaida yayata, ba allon shagon da za mu gifta ba ta karanto mini da ƙarfi ba, har direba ya riƙa dariya.

Ƙarshen shekara kwamiti ya sauke shi, wai ya zubar wa makaranta mutunci. Daga baya na haɗu da shi a hanyar Miri, ya koma noma. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambaye ni karatun yarinyar.