Yadda Sola Ta Karya Wa Gidanmu Kuɗi

Shekarar da tumatir ya yi mana albarka, maigidana ya sa mana sola a gidanmu na Kura. A gaban mutane yakan ce don ni ya sa, amma Allah ya sani don fanka ne, domin shi mutum ne da zafin bazara ke hana shi barci, in kuwa bai yi ba to babu mai yi a gidan. Aka hau kwano aka jera farantai baƙaƙe masu sheƙi, aka ajiye inbata, akwatin da ke juya wutar batir ta zama ta gida, a lungun falo. Batir ɗin farko bai daɗe ba ya gaji. Ni na sayar da awakina na sayo wani, na haɗa da ɗan ƙaramin firji.

A unguwarmu wutar layi baƙuwa ce, in ta zo sai yara su yi ihu, kafin su rufe baki ta koma. Ita kuwa mace ba ta neman izinin shiga gidan maƙwabciyarta, sallama ce kawai. Ta farko ta zo da waya ɗaya tana jin kunya. Kafin wata ya ƙare, falona ya zama tasha: wayoyi a kan kujera, wayoyi a kan taga, fitilu, rediyo, har abin askin mijin wata. Mai zoɓo, wata Kirista 'yar Filato da ke haya a bayan layinmu, ta samu gurbi a ƙasan firji. Ban taɓa hana kowa ba. Ina ganin abin da rana ta bayar kyauta, da wane baki zan ce na ƙi?

A cikinsu duka, wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Iya, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba mu. Tana da ciwon sukari, allurarta kuma ba ta son zafi. Da can a leda take ƙulle ta, ta tura gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi, rabi ta yi aiki rabi ta lalace. Da firji ya zo, allurar ta samu wuri a jikin murfi, kusa da niƙaƙƙen tattasaina. Kullum da safe Iya za ta shigo tana dogara sanda, ta ɗauka, ta sa mini albarka har sai na ji nauyi.

Sai surukina ya rasu, Allah ya jiƙansa, gidansa na Bunkure ya zama ba kowa. A daidai lokacin kuma aka sa wata gona a kasuwa a bakin kanal ɗin ban ruwa, irin wadda ruwa ke shiga ba sai an roƙe shi ba. Maigidana ya ce mu koma gidan gado, a sayar da wannan a sayi gonar. Ya kira dillali. Daga bayan ƙofar zaure na ji dillalin yana cewa:

"Alhaji, gida mai sola ai amarya ce da kayan ɗakinta. Ka ɗaga kuɗi, kada ka ji tsoro."

Tun daga ranar maigidana ya canza tafiya. Da kansa yake hawa tsani yana goge farantan, ranar nan ma da sabon mayafina na kama shi. Na ce masa, "Malam, allurar Iya fa?" Ya ce, "Sola da gida tare za su tafi, ita ce za ta ɗaga mana kuɗin. Iya kuma Allah na nan." Na san Allah na nan. Na dai ƙara tsawon sujadata.

Mai saye ya fito, wani bawan Allah mai injin casar shinkafa. Ya zagaya gidan ta waje, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon farantan, ya shigo zaure ya tsaya. Da ya ga takalman mata jibge a bakin ƙofar ciki, sai ya ce a'a, kada a tashi matan mutane saboda shi, zai turo wadda za ta duba masa cikin. Maigidana ya ce to. Shukar albasa ta ɗauke masa hankali, bai gaya mini ba.

Ranar da abin ya faru ana rana mai dafa ƙwai. Bayan azahar wata dattijuwa ta yi sallama, da hijabi ruwan toka har ƙasa. Akwai suna a layinmu ranar, sai na ɗauka baƙuwar masu jego ce aka nuno mata gidan caji. Na tare ta da fara'a.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Kawo wayar, kin yi sa'a akwai rami ɗaya da ya rage."

Ta dube ni, ta dubi hannuna, ta miƙo wayar. Na ba ta tabarma a ƙarƙashin fanka, na kawo mata ruwan sanyi. Ta sha, tana bin falon da ido. Mata na kwance na zaune, wata na yi wa wata kitso, wata na tsince shinkafar gidanta a farantina.

"Kullum haka gidan yake?" in ji ta.

Mai kitso ta ce, "Yau ai ba kowa, Hajiya, duk an tafi suna. Ki zo ranar Juma'a ki ga ikon Allah."

"Nawa ake biya?"

Aka kwashe da dariya. "Biya? Hajiya, a garinku sayar da rana ake yi?"

Dattijuwar ta gyara zama. "Na ji kamar an ce za a sayar da gidan."

"Gida za a sayar, ba mu ba," in ji mai tsintar shinkafa. "Duk wanda ya saya, a nan zai same mu."

"An ce mai injin casa ne," wata ta ɗora. "Kin ga ta kwana gidan sauƙi, sai mu riƙa tahowa da shinkafarmu, caji da casa a wuri ɗaya."

Mai zoɓo tana jera robobinta ta ce, "Ni dai a gaya masa firjin nan ya yi kaɗan. Mai kuɗi ne, ya ƙaro babba."

"An ce matarsa ba ta son hayaniya."

"Za ta koya! Ita wannan da muka fara ba haka take sunkuyar da kai ba?"

Ni ce wannan ɗin. Na yi dariya tare da su, har ina ƙara wa baƙuwa ruwa. Can ta miƙe ta ce za ta zagaya. Na nuna mata bayan gida, sai na ga tana ƙwanƙwasa bango da yatsa, tana leƙa kicin, tana kallon silin. Na ce a raina kowa da irin halinsa. Ta tambaye ni ko ɗakin kudu yana yoyo, na ce yana yi kaɗan in ruwa ya zo da iska, don ba zan yi wa baƙuwa ƙarya ba. Ta karɓi wayarta, ta yi godiya, ta tafi.

Bayan kwana biyu maigidana ya shigo da hularsa a hannu, alamar ba lafiya ba.

"Mutumin ya taya," in ji shi. "Taya biyu. In babu sola, zai biya yadda na sa. In da sola, sai an rage masa."

Na ce, "Malam, ko dai ka juya maganar?"

"Ban juya ba. Wai yayarsa ta ce gida ba shi da laifi, amma in ya saya da solar nan, ba gida ya saya ba, unguwa ya aura."

Na ce, "Yayar tasa, mai hijabi ruwan toka?"

Ya zuba mini ido. "Me kuka ce mata?"

"Ni ruwa kawai na ba ta. Sai caji."

"Caji! Mai duba gida kika sa wa caji?"

"Wayarta ta kusa mutuwa, Malam."

Daga zaure dillali ya ɗaga murya, ko kunya babu: "Dama ni na faɗa, Alhaji, sola ba kowane gida take karɓa ba." Maigidana ya buɗe baki, ya tuna la'adar dillalin ba ta fita ba tukuna, ciniki kuma yana hannunsa, ya rufe.

Ya sallama gidan ba sola, a gaban mai unguwa da shaidu. Takaicin bai daɗe masa ba, don ya lissafa cewa farantan sun zama riba: zai kai su sabuwar gona su ja injin ban ruwa, ya huta da sayen fetur. Har ya dawo da tafiyarsa ta da. Na bari ya ci tuwo ya ƙoshi, na kawo masa zoɓo mai sanyi, sannan na zauna.

"Malam, batir da firji na wa ne?"

"Naki ne. Awakinki ne, ban manta ba."

"To na bar wa Iya. Sai dai batir ba ya cin tuwo, rana yake ci. Ina taya faranti uku."

Ya ajiye kofi. "Albarka."

"Biyu da inbata. Injin gona ai ba ruwansa da ita, kai ka faɗa."

"Da me za ki biya?"

"Da mayafina da ka goge su da shi."

Ya kalli silin, ya kalli fankar da ke juyawa a kansa. Daga baya ya ce, "Ladan na wa ne, nawa ko naki?" Na ce Allah ba ya rasa yadda zai raba. Ya ce, "Na sallama."

Ranar da muka tashi, masu sola suka sauke farantan. Biyu ko ƙasa ba su taɓa ba, ta kan katanga aka miƙa su zuwa kwanon Iya. Tana tsaye da sandarta tana ba da umarni kamar ita ta ƙera su. Da aka kunna firjin a ɗakinta, ta sa allurar da hannunta, ta rufe, ta sake buɗewa ta duba, sai ta juya mini baya tana share ido da gefen zane. Ni ma ban tsaya ba, na ce mota na jira.

Da na koma gaishe ta bayan sallar layya, da kyar na samu wurin ajiye takalmi. Iya ta kafa doka: ba a caji sai an yi shara, mai zoɓo kuma kullum roba ɗaya ta mai gida ce, marar sukari. Muna cikin gaisawa sai na ji an yi gyaran murya daga tsohon gidanmu. Wani hannu mai lalle, na matar mai injin casa, ya ɗago ta kan katanga, riƙe da wayoyi biyu.

"Iya, don Allah. Ɗaya tawa, ɗaya ta Alhaji."

Iya ta ce, "Taki ta shigo. Tasa ta bi layi."