Dagin Baba a Benayen Tashkent

Tashi daga Gubaira

Tun kafin kiran assalatu Sallau ya fara danna mini hon a ƙofar gidanmu da ke unguwar Gubaira a Riyad, sai ka ce shi ne mai tafiyar. Sallau direba ne, mutumin Maraɗi, ni kuma ɗan Damagaram, saboda haka ba ma haɗuwa mu rabu ba mu taɓa juna ba. Ina shiga mota ya dubi 'yar jakata, ya ce ya ga masu yin hutu a Makka, ya ga masu zuwa gida ganin iyali, amma bai taɓa ganin wanda zai hau jirgi don kallon baranda ba sai ni. Na ce ya ja mota kawai, sha'anin gini ba na 'yan kasuwa ba ne.

Ga abin da ya tashe ni. Mahaifina, Malam Ibro, magini ne ɗan magini a cikin Birnin Damagaram. Yana saurayi aka tura shi Tarayyar Sobiyet koyon gini, zamanin gurguzu, ya zauna a birnin Tashkent. Ya dawo da ilimin ɗora bene kan bene, ya tarar babu mai neman wannan a wurinsa, ya ƙare aikinsa yana facin rufin ofisoshi. Abin da ya rage masa shi ne labari guda: wai a can akwai wani bene da ke ɗauke da dagin gidanmu, mai ƙaho biyu a sama, irin wanda kakanmu ke zanawa a ƙofar zaure. Ya ce shugaban masana'antar da suke koyon aiki ya nemi adon da za a sa wa baranda, shi kuma ya sassaƙa wannan a katako, aka yi mazubi da shi.

Babu hoto, babu shaida. Taubashinsa Malam Haru ya laƙaba masa Mai Bene, alhali gidanmu na ƙasa ne, ko matattakala babu. Sunan ya bi shi har jikoki suka ɗauka. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ƙafa ta yi nauyi, kuma shekarun nan ya daina ba da labarin gaba ɗaya. Wannan shirun ya fi tsokanar ci mini rai.

Ni ma ginin na gada. A Riyad ina aiki a wata masana'anta a kudancin gari, inda muke zuba bangon kankare falle-falle, kowanne da ramin tagarsa, a loda wa tirela, a je fili ƙugiya ta ɗaga a harhaɗa gida. Al'adar gidanmu ce in an yi zubin farko da safe a yi bisimilla a zana dagi. Injiniya ba zai yarda in taɓa masa bango ba, don haka a ragowar kwaɓi nake zanawa da tsinke. Wata rana Rustam, Ba'uzbeke ɗan Tashkent mai tuƙa ƙugiya, ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo. Da Larabcinmu na wurin aiki, wanda ba ya jin kunyar kowa, ya ce wannan zanen ai shi ne a barandar uwarsa. Na ce ya sake faɗa. Ya sake, ya ƙara da cewa an fara gyaran unguwar ana ciccire tsofaffin barandu, in zan zo in zo bana.

Kafilina, Balaraben da takarduna ke hannunsa, ya sha ni da "bukura insha Allahu", wato sai gobe, har na gaji, kafin ya sa hannu a izinin fita da dawowa. Ban gaya wa Baba komai ba. Ban so in ɗaga masa rai a kan abin da ban gani da idona ba.

Muka yi sallah a filin jirgi. Sallau ya ce in na samo barandar in gaishe ta.

Tashkent, ranar farko

Mun sauka da rana. Jami'in da ke duba fasfo ya juya nawa gaba da baya, ya kira abokinsa su ma suka juya tare, sannan ya buga hatimi. Rustam, wanda ya riga ni zuwa hutu, yana jirana a waje da hula mai kusurwa huɗu, ya yi fes, har na kusa wuce shi don ban saba ganinsa ba ƙura ba.

Direban tasin da muka hau ya tambayi Rustam ko ni ɗan ƙwallo ne. Da aka ce masa magini ne, ya ce to in duba masa waɗannan akwatunan in gaya masa yaushe za su faɗi. Ya nuna benayen da suka jeru hagu da dama, masu hawa huɗu da masu hawa tara, iri ɗaya kamar an haife su rana guda. Na ce a gaya masa ba bana ba.

Ba cika baki na yi ba. Da muka sauka na bi jikin bangon da hannu, aikin da nake yi kullum ne, sai dai wannan ya girme ni. Na ga inda aka yi gaggawa, mahaɗar falle da falle ta buɗe an cusa mata kwalta, na ga inda rodi ya leƙo ya yi tsatsa. Amma bangon na tsaye cak. A tsakanin benayen kuma akwai fili mai inuwa, itatuwa sun fi hawa huɗu tsawo, inabi ya hau ƙarfen shanya, tsofaffin mata na zaune a benci suna tsare da kowa da ido.

Sai na ɗaga kai na nemi abin da ya kawo ni. Benen su Rustam an riga an gyara shi. Kowace baranda an lulluɓe ta da farar roba da gilashi, sumul, babu zane ko na ƙwabo. Rustam ya dafa kai, ya ce wallahi bara yana nan.

Mahaifiyarsa, wadda na kira Inna tun daga gaisuwar farko, tana hawa na uku. Ba ta bari na yi maganar baranda ba sai da na ci. Ta kakkarya burodinsu mai faɗi da hannu, ta zuba shayi ta mayar buta har sau uku kafin ta miƙo mini rabin kofi. Na ɗauka rowa ce, ashe girmamawa ce, don mai gida ya yi ta ƙara wa baƙo. Shinkafarsu da karas da naman rago kuwa, in dai gaskiya za a faɗa, ta ba kabsa, dafa-dukar Riyad, ratar gaske. Na ci, amma raina na waje.

A kan abincin uwa da ɗa suka tayar da tsohuwar gardamarsu, Rustam na fassara mini har da ɓangaren da ake zaginsa. Shi yana so a sayar da gidan, ya ce ɗakunan ƙanana ne, da hunturu sanyi na shigowa ta mahaɗar bango, in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu. Ita ta ce bai san komai ba. Tana yarinya girgizar ƙasa ta rushe musu gidan laka, suka zauna a tanti. Ranar da aka ba su makullin nan, tana amarya, ta buɗe famfo ruwan zafi ya zubo, ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Ta ce a benen nan malamin jami'a da mai share titi ƙofa ɗaya suke shiga, kuma daga nan sai dai a fitar da ita a makara.

Na kwanta a falo. Maganar Rustam gaskiya ce, na ji tarin maƙwabcin.

Rana ta biyu

Da safe Inna ta sa Rustam ya tambaye ni ainihin abin da nake nema. Na tsoma yatsa a shayi na zana mata dagin a kan tebur, na ba ta labarin Baba, har da sunan Mai Bene. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki sandarta, ta ce mu biyo ta.

Tsohuwar nan ta ratsa da mu ta bayan makaranta, ta gefen 'yar kasuwar kankana, ta tsakanin benayen da ni dai ba zan iya bambanta su ba ko da kuɗi. Muka tsallaka wata gada a kan magudanar ruwa. Ta tsaya, ta ɗaga sanda.

Masu gyara ba su iso nan ba tukuna. Bene ne mai hawa tara a gabana, kuma tun daga ƙasa har sama, kowace baranda da dagin gidanmu a ƙirjinta, ƙaho biyu a sama. Na bayansa haka. Na bayan wannan ma haka, layi guda har inda titi ya karya. Wasu an shafa musu shuɗi, wasu sun yi baƙi, wata an shanya barkono a kanta. Na san aikin mazubi, kullum da shi nake cin abinci: abin da ka sassaƙa sau ɗaya, shi zai yi ta fitowa muddin ana zubi. Amma ban taɓa kawo wa raina hakan a kan hannun Baba ba. Na zauna a bakin titi ina kallo. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, kuma ban ɓoye hawayena ba.

Na daure har bayan azahar, lokacin da hantsi ya yi a gida, na san dattawa sun hallara a ƙofar zaurenmu. Na kira ƙanena Nura ta bidiyo, na ce ya kai wa Baba wayar. Na gaishe shi, na ce ina Tashkent, ina tsaye a gaban aikinsa.

Baba ya kawo wayar dab da fuskarsa, ya ce shi hazo kawai yake gani. Can ya ce:

"Habibu, kana iya taɓa ɗaya?"

Na ce ga ta hawan ƙasa a gabana.

"Sa yatsa a ƙahon hagu, ka bi shi zuwa gindi. In nawa ne, akwai wani ɗan rami a nan. Kurfin sassaƙa ya zame mini, ban samu gyarawa ba."

Na sa yatsa. Ramin na nan, daidai kan ɗan yatsa. Na matsa baranda ta gaba, yana nan. Ta gaba ma yana nan. Na ce, "Baba, yana nan. A kowacce yana nan."

"Kowacce? Guda nawa ne?"

Na ce ba su ƙirguwa, unguwa ce guda.

Ya ce, a hankali kamar mai magana da kansa, "Ni ɗaya na sani. Cewa suka yi za su gwada a bene ɗaya, sai lokacin dawowata ya yi."

Ashe duk shekarun da ake cewa yana ƙara wa labari gishiri, ragewa ma yake yi.

Malam Haru ya karɓi wayar, shi idonsa garau. Na juya masa ita a hankali daga farkon layi zuwa ƙarshe. Da ya gama kallo sai ya ce, "To, Ibro, gani ya kori ji. Mun cuce ka da muka tsaya a bene ɗaya." Na ji dattawa sun ɗauki salati, na kuma ji dariyar Baba, wadda na manta kalarta.

A hanyar komawa Inna ta bi da mu bayan benensu, inda masu gyara suka tara barandun da suka cire. Ta yi wa mai gadin wurin magana da muryar da ba a musu da ita. Rustam ya aro injin yanka, na yanko ƙahon hagu da raminsa.

Komawa

A filin jirgi ma'auni ya ce jakata ta yi nauyi. Na ciro takalman aiki da rigar sanyi da kankanar da Inna ta cusa mini, na bar wa Rustam, na riƙe kankarena. Mai binciken kaya ya ɗaga shi ya juya, ya tambayi ko wani abin tarihi ne. Rustam ya ce masa shara ce daga unguwarsu. Ban ji daɗin kalmar ba, amma ita ta fitar da ni.

Sallau ya tarbe ni a Riyad da la'asar, zafi ya mare ni tun daga ƙofa. Ya ce ina tsarabarsa, na ɗora masa guntun kankaren a cinya. Ya ce lallai Damagarawa sai addu'a. Amma da na ba shi labari a hanya bai ƙara tsokana ba, kuma shi da kansa ya nemo wani ɗan garinsu mai komawa gida ta Damagaram, ya damƙa masa saƙon, ya ce ya riƙe shi kamar ƙwai.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni Gubaira lafiya, ya kuma sa na riski benayen da mai aikin duk suna tsaye. Na gode wa Rustam, da Inna wadda ta taka da sandarta saboda tsohon da ba ta taɓa gani ba, har da Sallau.

Nura ya ce saƙon ya isa. Baba ya ajiye shi a gefen buzunsa a zaure, duk wanda ya shigo sai ya kama yatsansa ya sa masa a ramin, sannan ya ɗauko labarin tun daga farko, kuma yanzu babu mai tashi sai ya kai ƙarshe. Ni kuma na koma bakin aiki. Da aka yi zubin farko na yi bisimilla, na zana dagi a ragowar kwaɓi, na danna ɗan rami a gindin ƙahon hagu.